Me ya sa "borrow me" kuskure ne?

A aji za ka ji ɗalibi ya juya ga na kusa da shi ya ce "borrow me your biro." Kowa ya gane nufinsa, amma a takardar WAEC jan biro zai sha.

Ba rashin ƙoƙari ba ne, Hausarsa ce ta biyo shi cikin Turancin. Mu kalma ɗaya muke juyawa: na ari littafi, na ara masa littafi. Bature kuwa ya raba su biyu. Mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Don haka in biro kake nema, ko ka ce "lend me your biro", ko kuma "can I borrow your biro?" Ka lura, "borrow" da "from" take tafiya, "lend" kuwa da "to". In an riga an bayar, "lent" ake cewa, babu wani "lended".

Abin dariya, mu mun bambanta aro da rance: aro abin da kansa za ka mayar, rance kuwa kwatankwacinsa za ka biya. Su Turawa ko oho. Keke ne ko naira dubu biyar, duk "borrow" ce.