Wai ɗan keke ba ya mulki

Wanda ya shigo ƙarƙashin rubutuna na jiya ya ce wai "me ɗan wasa ya sani ban da gumi", Malam, sannunka da ilimi. Ashe mulki gadon gidanku ne ba mu sani ba. Masu digiri uku-uku da muka yi ta zaɓa ai ga shi nan sun mayar mana da ƙasa aljanna, ko?

Je ka nemi labarin Hubert Opperman na Ostareliya. Ɗan tseren keke ne, kuma sai da ya yi minista. A 1928 ya shiga gasar Bol d'Or a Faris, inda ake kwana a wuni ana zagaye fili ɗaya a kan keke, awa 24 cur. 'Yan baƙin ciki suka goge sarƙoƙin kekunansa biyu da zarto, ana farawa suka tsinke. Sai keken tafintansa aka aro masa, wani mai nauyi. Bawan Allahn nan ya yi awa 17 bai sauka ba, ya kamo su ɗaya bayan ɗaya, ya cinye gasar. Faransawan da suka zo kallon nasu suka koma kiran sunansa.

To shi ne za ka ce bai san komai ba sai gumi?

A 1949 mutanen mazaɓar Corio suka tura shi majalisa, ya zauna har 1967. Ya riƙe ma'aikatar sufuri, daga baya ta shige da fice. A hannunsa, a 1966, aka sassauta dokar nan da ta daɗe tana tare ƙofa ga duk wanda ba Bature ba: jiran shekara 15 kafin a ba ka takardar zama ɗan ƙasa ya dawo 5. Ɗan keke fa. Ɗan keken da kake rainawa.

Na san za ku ce George Weah fa, ɗan ƙwallon nan da ya yi shugabancin Laberiya? Ku bar ni da Weah, mutumin da ya faɗi zaɓe a 2023 ya taya abokin takararsa murna tun kafin a gama sanar da sakamako. Wani kuma zai ce ai can Turawa ne. Raini dai raini ne, ko a ina.

Tsakani da Allah abin ya taɓa ni. Mahaifina da keke ya ciyar da mu, Raleigh baƙi, ya ɗaure ƙafar wando da roba ya kama hanyar kasuwa tun asuba. Idan ana raina mai gumi, shi nake gani.

Opperman ma a kan keken motsa jiki rai ya yi halinsa a 1996, yana da shekara 91. Af, wai akwai wanda ya san mai gyaran Raleigh na da a Kano? Namu na nan jingine a zaure, sarƙar ta yi tsatsa, ƙararrawar ce kawai ke aiki.