Nuna Mini Hanyar Kasuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Wannan nasiha ce zuwa ga ƙannena ɗaliban jami'a, maza da mata, a kan koyar da 'yan gudun hijira karatu da rubutu, kuma ina fara yi wa kaina ita kafin kowa, domin ina da laifi a kan wannan al'amari wanda zan ambata a gaba.

Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da mutanen Madina, ya haɗa Abdurrahman ɗan Auf da Sa'ad ɗan Rabi'u, Allah Ya ƙara musu yarda. Sa'ad, wanda yake cikin mawadatan garin, ya ce zai raba dukiyarsa gida biyu ɗan'uwan nasa ya ɗauki rabi. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka a cikin iyalinsa da dukiyarsa, sannan ya roƙi abu guda, wato a nuna masa hanyar kasuwa. Aka nuna masa kasuwar Banu Ƙainuƙa'a, ya yi sammako ya tafi, ya dawo da ribar ɗan cuku da man shanu, kuma daga nan Allah Ya buɗa masa har ya shiga sahun manyan attajiran Sahabbai. Imamu Buhari ne ya ruwaito wannan. Masu wa'azi sukan daɗe a kan kyautar Sa'ad, kuma ta cancanci haka, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne roƙon Abdurrahman, domin har yau shi ne roƙon akasarin mutanen da aka raba da gidajensu, ko da kunya ta hana su furtawa.

A zamaninmu hanyar kasuwar nan ta ratsa ta cikin karatu da rubutu. Manomin da ya baro gonarsa ya shigo birni yana buƙatar ya iya rubuta sunansa a takardar rajista, ya karanta saƙon kuɗi a wayarsa don kada a cuce shi, matarsa kuma ta gane abin da aka rubuta a kwalbar maganin ɗanta. Yaron da ya bar makaranta yana aji uku, ya shekara huɗu yana yawo tsakanin daji da sansani, ya yi girma da zama cikin 'yan aji uku, kuma karatunsa bai kai na tsararrakinsa ba, don haka sai ya zaɓi tura baro a tasha a kan a yi masa dariya a aji. Wanda zai iya cike masa wannan giɓi shi ne mutumin da zai zauna da shi a hankali na wasu watanni, kuma a duk garin babu wanda ya fi ɗalibin jami'a dacewa da wannan zama.

Ba sai an yi tafiya mai nisa ba kafin a same su. Mutanen Gwoza da Bama sun kwararo Maiduguri a 2014, na Baga suka biyo baya a farkon 2015, kuma a kan hanyar Bama aka kafa sansanin Dalori, kusa da Jami'ar Maiduguri. Gwamnatin Borno ta rufe sansanin Bakassi a 2021, ta rufe na Dalori a 2022, amma tun asali mafi yawan 'yan gudun hijirar a cikin unguwanni suke raɓe, a zaurukan dangi da kangwaye da gidajen haya, kuma da yawansu suna nan. Wasu sun ƙetara zuwa Minawao a Kamaru, wasu suna Sayam Forage a jihar Diffa ta Nijar. Tun daga 2019 kuma dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi, inda aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Can harshe ɗaya ne tsakanin baƙo da mai masauki, amma da yaro ya shiga aji sai ya tarar da Faransanci a allo, alhali ɗan abin da ya taho da shi daga gida Turancin Ingilishi ne. Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi yana riƙe da mabuɗin wannan ƙofa a aljihunsa.

Na san amsar da za a ba ni, domin ni ma na taɓa bayar da ita: ɗalibi da kansa abin tausayi ne, da garin kwaki yake kai ƙarshen wata, me zai ba wani? Allah Maɗaukaki da Ya yabi mutanen Madina a aya ta 9 ta Suratul Hashri, Ya siffanta su da son wanda ya yi hijira zuwa gare su, da fifita wasu a kan kawunansu ko da su ma suna cikin tsananin buƙata, saboda haka rashin wadata bai fitar da kowa daga wannan falala ba. Ku duba kuma abin da ya faru bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan hijira. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu daga cikin fursunonin ba su da abin fansar kansu, sai Annabi (SAW) ya sanya fansarsu ta zama koya wa 'ya'yan mutanen Madina rubutu. Idan koyar da rubutu ya tsaya a matsayin dukiyar da take 'yantar da wuyan mutum, to ɗalibin da ya iya karatu ba shi da damar kiran kansa marar abin sadaka.

Yanzu ga laifin da na ce zan ambata. Ina ajin ƙarshe muka haɗu mu biyar muna zuwa wata unguwa ranakun Asabar da Lahadi bayan la'asar, muna koyar da yara a gindin wata darbejiya, da ɗan guntun katako da muka shafa wa baƙin fenti. A cikinsu akwai wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha uku wanda ba ya zama a kan tabarma, sai dai ya tsaya daga nesa da bokitin ruwan leda a kansa kamar mai jiran ciniki. Sai a mako na uku na lura cewa yatsan ƙafarsa yana zana haruffan a cikin rairayi, yana sharewa da sauri idan an dube shi. Na ba shi littafin rubutu da fensir, na ce masa idan ƙananan sun tashi zan zauna da shi shi kaɗai. Kafin wata guda ya rubuta sunansa da na mahaifiyarsa, ya riƙe takardar da hannu biyu kamar wanda aka ba shi takardar gida. Daga nan jarabawa ta matso, aikin bincike ya taso, na daina zuwa ba tare da na yi sallama da kowa ba. Bayan wata huɗu na bi ta unguwar, wata dattijuwa ta gane ni, ta ce, "Malam, yaronka ya yi ta zuwa gindin bishiyar nan da littafinsa har ya gaji."

Shi ya sa nake roƙonku da ku auna ƙarfinku kafin ku ɗauki alkawari. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Awa ɗaya a mako har ƙarshen shekara ta fi kullum na mako biyu a watse, domin waɗannan yara sun riga sun saba da mutane su ɓace musu ba zato, kuma bai kamata malaminsu ya ƙara musu wani ɓacewar ba. Ku yi aikin a ƙungiyance yadda idan jarabawa ta riƙe ɗaya wani zai tsaya a madadinsa, kuma idan hutu ya zo ku faɗa musu ranar da za ku dawo.

Ku shiga ta ƙofa, ku nemi izinin mai unguwa ko bulama da iyayen yaran, kuma 'yan'uwa mata su karɓi karatun mata da 'yan mata, kamar yadda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta riƙa tura jajis ɗinta, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata, ita da aka yi hijira da gidansu daga Degel zuwa Gudu a 1804 tana ƙaramar yarinya. Kada ku tambayi yaro abin da ya gani a daren da suka gudu, idan ya so faɗa zai faɗa da kansa. Game da hoto kuwa, ku ji tsoron Allah. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta hana mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, kuma ta kwatanta mai yin haka da mai ciyarwa don mutane su gani. Jera 'ya'yan mutane da yagaggun riguna a ɗora su a Facebook don a yaba wa ƙungiya yana iya haɗa riya da cutarwa a lokaci guda, kuma uban yaron, wanda jiya yake da rumbu cike da hatsi, shi ma yana da mutuncin da yake karewa.

Wanda yake ganin gudun hijira abu ne da ya shafi mutanen ƙauye kawai, ya tuna watan Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗaliban jami'a irinku suka bar littattafansu da takardunsu, suka kwana a cikin motoci a kan iyakar Masar suna jiran wanda zai ce musu bismillah.

Shi kuwa yaron nan na gindin darbejiya, na nemi gidansu a ranar, aka ce sun tashi zuwa wani gari, kuma ban sake jin labarinsa ba. Ina roƙon Allah Ya yafe mini, Ya sa ya haɗu da wanda ya ƙarasa masa sauran haruffan.