Kwamfutoci na kulle a ɗakin CBT, yara na haddar fomula

Malaman fiziks na Bauchi, ku shaida ni. Ka tambayi ɗan SS2 fomular lilon dutsen da aka ɗaure da zare, zai karanto maka ita tiryan-tiryan. Ka ce masa, to in aka sauya dutsen da wanda ya fi nauyi, lilon zai ƙara sauri ko zai ragu? Sai ya hau sosa ƙeya. Alhali nauyi ko cikin fomular babu shi.

Akwai manhajojin da aka yi domin irin wannan, masu kwaikwayon gwajin kimiyya a allon kwamfuta. PhET, wadda Carl Wieman, mai kyautar Nobel ta 2001, ya kafa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002, kyauta ce, kuma in ka sauke ta ba ta neman intanet. Yaro zai ninka tsawon zaren sau huɗu, ya ga lokacin lilon ya ninka biyu kacal. Ya mayar da ƙarfin jan ƙasa daga 9.8 na duniyarmu zuwa 1.6 na duniyar wata, ya ga dutsen yana tafiya a kasalance.

Sai dai ni hankalina ya fi kwanciya da irin su Modellus ta Fotugal da GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Ostiriya a 2001. A nan yaron ne ke rubuta lissafin da hannunsa, manhajar kuma ta bi abin da ya rubuta, ko daidai ko ba daidai ba. Ya sa alamar tarawa inda ya kamata ya ɗebe, ƙwallon da ya jefa a allon kwamfuta sai ta yi sama, ba dawowa. Aji ya kwashe da dariya, shi kuwa ya koma bin layi ɗaya-ɗaya har ya gano inda ya kauce, ba wanda ya taɓa shi da bulala.

Za a ce ina wuta, ina kwamfuta? Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, shi ya sa cibiyoyin CBT, wato na rubuta jarrabawa da kwamfuta, suka yawaita, da janareta da komai. Bayan jarrabawa me suke yi? Me zai hana makarantun da ke kusa su riƙa kai ɗalibai ko ranar Asabar ce? GeoGebra ma tana aiki a wayar hannu.

Kada wani shugaban makaranta ya ji wannan ya ce an huta da sayen kayan ɗakin gwaji. A jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO, zare da agogon awo da ma'auni za a miƙa wa yaro, hannunsa ne zai yi aikin.

Babban cikas a ganina malamin da bai taɓa buɗe manhajar ba, don shi ma da hadda ya fito. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare su ke yaye mana malaman kimiyya. Kafin ɗalibi ya fita koyon koyarwa, a sa shi ya gina darasi guda a GeoGebra, a ba shi maki a kai.