Wai babu fili a Kano, ni za a kalla a gaya wa haka?

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake, ko tuwon dare ban iya ci ba. Shekara 11 ina gidan haya da mata da yara biyar, ɗaki biyu da ɗan tsakar gidan da ko igiyar shanya ba ya ɗauka, kuma duk shekara sai mai gida ya turo yaronsa da maganar ƙari. Shekara shida ke nan da na cike fom ɗin neman fili na awon gwamnati, na biya abin da aka ce in biya, rasit ɗin yana nan cikin leda har ya fara yin ja. Jiya na nemi izini a wajen aiki na sake komawa ofishin in ji inda aka kwana.

Tun tara na safe nake kan benci, sai da aka kusa kiran azahar layi ya zo kaina. Na shiga na tarar da wani yaro, wallahi a haife na kusa haifarsa, yana ɓare gyaɗa yana danna waya. Na yi sallama, shiru. Na sake yi. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce "ya aka yi?" Na miƙa masa rasit da hannu biyu, ya kama da ɗan yatsa biyu kamar na ba shi ƙazanta, ya ce "wa ya turo ka?" Na ce babu wanda ya turo ni, layi na bi. Sai ya kwashe da dariya ya juya wajen na kusa da shi ya ce "ka ji fa, wai layi ya bi." Na haɗiye, na ce ranka ya daɗe, don Allah a taimaka a duba min fayil ɗina, shekara shida ke nan. Ni da furfurata nake ce masa ranka ya daɗe! Ya ce "Malam, fayil ɗinka ƙafa gare shi da zai taso ya zo nan? Babu fili, Kano ta cika, ka je ka sayi awon igiya kamar kowa ka bar wahalar da mu." Ya turo rasit ɗin ya zame daga tebur ya faɗi kan ɓawon gyaɗa, na sunkuya a gabansa na ɗauka.

Ban kai bakin ƙofa ba wani ya shigo da 'yar takarda a hannu, ko layi bai kalla ba. Yaron nan ya miƙe zumbur har da gyara hula, da kunnena na ji yana cewa a gaya wa Alhaji an ajiye masa biyu, ɗaya na bakin titi. A garin da ya cika minti ɗaya da ya wuce!

To ni abin da ke ƙona min rai, wa ya taɓa fita ya ƙirga kafin a ce babu? Ku bi hanyar Gwarzo ko ta Panshekara ko ta Zariya ku ga kangaye an zagaye da katanga an sa ƙyaure an kulle, shekara da shekaru ba a aza ko bulo ɗaya ba sai ciyawa da macizai, masu su sun mai da ƙasa banki suna jiran ta yi tsada. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 cewa ta yi ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, ya riƙe don amfanin kowa da kowa. Amana fa aka ce, ba ganima ba. Tun tsarin shekara 20 da aka zana wa birnin nan na 1963 zuwa 1983, mutane sun ninka sun sake ninkawa, ƙidayar 2006 ma ta ba jihar sama da mutum miliyan tara, balle yanzu. Kowa ya san za a haihu, za a yi aure, za a shigo daga ƙauye, me ya hana a riƙa yanka filaye a kan lokaci, a fitar da titi da kwata da filin makaranta da maƙabarta kafin mutane su iso?

Ba a yi ba, sai aka bar mu da dillali da igiyarsa. A sayi gona a yayyanka, lungu ko a daidaita sahu ba ya shiga, in an yi rasuwa sai an karkata makara kafin ta fita. An cike kududdufai an yi gini a kai, damina na zuwa ruwa ya rasa hanya ya shigo ɗakunan mutane. Talaka ya yi shekara goma yana tara bulo ɗaya-ɗaya babu wanda ya ce masa uffan, sai ya yi rufi sannan a zo da jan fenti a shafa masa a bango a ce ba bisa ƙa'ida yake ba. Ina kuke lokacin da ake haƙa tushe? Shi ma manomin da aka karɓe gonar gadonsa don awon gwamnati, ɗan abin da za a ba shi diyya ba zai saya masa ko rabin fuloti a cikin gonar tasa ba. Wata gwamnati ta yanka filin makaranta da jikin badala ta raba, wata ta zo ta sa katafila, duk mun ga rusau na 2023 da idonmu, kuma a tsakanin mai rabawa da mai rushewa babu wanda ya tuna da mu masu riƙe da rasit.

Mu ma mutanen gari muna da namu laifin, mutum ɗaya fuloti goma yana alfahari da shi a majalisa ana yi masa kirari, maƙwabcinsa yana kwana da 'ya'ya balagaggu maza da mata a ɗaki ɗaya, kuma sahu ɗaya suke sallah.

Da na dawo uwargida ta tare ni a ƙofa ta ce "ya aka yi, an dace?" Na kasa ce mata komai, na mai da rasit cikin ledarsa. Watan gobe kuɗin haya zai ƙare, kuma yaron mai gida ya riga ya zo sau biyu.