Ya ci 11 a aji, ya ci 4 a BEPC: wa ya yi wa iyaye ƙarya?

Makon da sakamakon BEPC, jarrabawar ƙarshen koleji, ya fito, wata uwa mai tuyar ƙosai ta shiga ofishin wani koleji na gwamnati a nan Damagaram, riƙe da bilten biyu na ɗanta cikin leda. Ta yi sallama, sirbeyan, mai kula da ɗalibai, bai ɗago kai daga wayarsa ba. Ta sake yi, ya ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Mushe, ina wuni. Ɗana ne ya faɗi karo na biyu, an ce an kore shi. Ga takardunsa, duk shekara an ce mini yana da mwayen."

Bai karɓa ba. Ya amsa mata da Faransanci, yana sane ba ta ji. Da ta yi shiru sai ya juya Hausa: "Ke, ɗanki ba shi da kai. Ki kai shi gareji."

Ta miƙa takardar da hannu biyu. "To Mushe, wannan 11 da aka rubuta nan, wa ya ba shi?"

"Ni na rubuta masa jarrabawa? Fita, akwai mutane bayanki."

Ta ninke takardun ta mayar cikin leda, ta ce, "Allah ya isa," ta fita. Matar nan a shekaru ta isa ta haifi sirbeyan ɗin, amma ko "Inna" bai iya ce mata ba. Kuma tambayar da ta yi ita ce ta gaskiya, ita ce kullum ake ƙin amsawa: ta yaya yaro zai kai 11 bisa 20 a aji, ya shiga ɗakin jarrabawa ya fito da 4?

Duk mai riƙe alli ya san amsar. A koleji ana haɗa makin aikin aji da na kompozisiyo a raba biyu. Makin aji yana hannun mushe. Mushen da ke da yara 80 ko 100 a aji guda, kuma azuzuwa huɗu ko biyar ke wuyansa, ba zai iya gyara takarda 400 duk wata ba. Sai ya ba da aiki guda, ko aikin rukuni da yaro ɗaya zai yi, bakwai su sa suna. Ranar kompozisiyo yara uku ko huɗu ne kan tabur ɗaya, ido na kallon takardar maƙwabci. Tambayoyin kuwa daga darasi biyar da aka samu aka yi ne. A ƙara makin ladabi, sai 11 ta fito. Ranar BEPC tambaya daga Yamai take zuwa, bisa tsarin shekara gaba ɗaya, kowa da wurinsa, mai gyara bai san sunan kowa ba. Nan asiri yake tonuwa. A 2021, cikin yara 100 da suka zauna BEPC a ƙasar nan wajen 20 kaɗai suka samu. Yara 80 ba za su taru su zama marasa kai ba!

Ɓarnar ma tun ƙasa take farawa. A takarda ana komawa lakwal farkon Oktoba. Amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara da gamba, wato Nuwamba, wani wuri har Disamba. Iskar damina ta farko a Mayu ko Yuni ta kwashe rumfar, shekara ta ƙare. Tsakiya kuma ga yajin aikin malamai 'yan kwantiragi da kuɗinsu ya makara, ga na 'yan makaranta. Mushen da ake biya jika 75 a wata, kuma sai ya bar ƙauye ya zo gari ya yi layi kafin ya karɓa, kwana nawa zai tsaya gaban allo? Azuzuwan zanan nan har rai suke ci: a 2021 gobara ta kashe yara aƙalla 20 a Yamai cikin Afrilu, ta kashe aƙalla 25 a Maraɗi cikin Nuwamba.

Yaron da ya shiga CI, ajin farko na firamare, bai taɓa jin Faransanci a gida ba, ranar farko da shi za a fara masa. Littafin karatu ɗaya yara da yawa ke rabawa, in ma akwai. Sai ya iya rera abin da ke kan allo kamar aku, in ka rufe allon ka nuna masa harafi guda ya tsaya yana kallonka. Haka za a tura shi CP, a tura shi CE1, don aji na baya ya cika kuma ba a son adadin masu maimaitawa ya yi yawa a rahoto. Binciken PASEC na 2014, mai auna ilimin 'yan firamare a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. A wannan lokacin ne kuma aka soke CFEPD, jarrabawar da take tace yara a CM2, ajin ƙarshe na firamare, sai a 2024 aka dawo da ita. Shekara goma ana kwararo yara siziyem, ajin farko na koleji, wasu ba su iya kwafe darasi cikin kaye ba.

Gwamnati ba za ta ce ba ta sani ba. Ita ta yi wa 'yan kwantiragi gwaji a 2017, kusan kashi ɗaya bisa uku ne suka samu mwayen, wato 10 bisa 20. Wa ya ɗauke su aiki? Wa ya ba mutum alli ba tare da ya zauna makarantar horon malamai ba, alhali ga ta Askiya Muhammad nan cikin garinmu? Masu sa hannu kan takardun nan 'ya'yansu suna makarantun kuɗi, da mushe mai zuwa gida da marece. Ɗan mai ƙosai kuwa sai ana saura wata biyu jarrabawa a ce ya kawo kuɗin darasin ƙari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma iyaye da laifinmu. Muna tambayar yaro "ka wuce?", ba ma cewa ya ɗauko littafi ya karanta mana layi uku. Wasu har roƙon darakta suke yi a ƙara wa ɗansu maki, wasu suna neman wanda zai turo amsa ta waya ranar jarrabawa.

Kada a sassauta BEPC don adadi ya yi kyau a rediyo. A sauko CE1, sufeto ya zauna da kowane yaro minti biyu, ya ba shi layi biyar da bai taɓa gani ba da lissafin ragi guda biyu. Wanda ya kasa a ware masa awa ɗaya kullum, rukunin da bai wuce yara 15 ba, har ya iya. A biya mushe ranar da aka ce, a garin da yake aiki. Kuma duk kolejin da makin ajinsa ya yi nisa da na BEPC, a kira darakta ya yi bayani gaban iyaye, da Hausa.