FPS 200 amma da wuƙa aka gama da ni

Duk wanda ya taɓa buga Counter-Strike 2 da ni ya san waƙata, in dai aka kashe ni to FPS ne, wato yawan firem (hotuna) da kwamfuta ke fitarwa a sakan ɗaya. Tun da gem ɗin ya fito a 2023 ya maye gurbin CS:GO kwamfutata take nishi, lambar na yawo wajen 40, wani ya jefa hayaƙi kuwa sai komai ya riƙa tsalle-tsalle.

Sai na ɗaura ɗamara. Inuwa na sauke ta ƙasa, na kashe V-Sync tunda shi ke sa ka ja maus sai daga baya bindiga ta biyo, rezolushan na mayar 1280x960 irin wanda ke sa mutane su yi ƙiba a sikirin, na sabunta direba, na buɗe akwatin na hure ƙura har na yi ta atishawa. Ɗan abin da ya ƙaru bai kai a faɗa ba. Ƙanina ne ya leƙa baya ya ce "Yaya, ai kebul ɗin monita a madabod yake, ba a girafik kad ba." Ashe duk tsawon nan kad ɗin hutawa yake abinsa, ɗan girafik ɗin cikin furosesa ne ke shan wahala. Wanda muke kira Injiniya ne dai ya haɗa min kwamfutar. Shi kansa monitan mai nuna hoto 144 a sakan ne amma a Windows an bar shi a 60, wato hoto ɗaya duk milisakan 16 da ɗoriya maimakon kusan 7.

Muka gyara, lamba ta haura 200, na shiga guruf na ce yau kowa ya yi ta kansa.

Filin wasa na Dust II, biyar da biyar, mu ya mu. Na tara dala 4750 ta cikin gem na sayi AWP, bindigar harbi daga nesa, kuma don kar komai ya taɓa min firem ko ɗaya na rufe Discord ɗin da muke magana a ciki. Mutanena huɗu suka mutu, saura ni, na kafa bindiga a doguwar hanyar da ake kira Long ina leƙe ta madubi, amma wallahi rabin idona na can ƙuryar sikirin yana kallon lamba, 210, 230, daɗi kamar ya kashe ni. Ashe wani ƙarami a ɗaya ɓangaren mai tsohuwar laftof, wadda fankarta ke ƙara har cikin makirfo, wanda ko FPS 40 ba ya samu, yana bayana. Ya danne shift yana sanɗa. Na matsa dama ya matsa dama, na tsuguna ya tsuguna, yana da bindiga fa amma ya mayar da ita ya zaro wuƙa, har ya tsaya yana jujjuya ta yana duba kyanta. A Discord an ce ihu ake ta yi bayanka bayanka, ni kuwa ina nan shiru cikin natsuwa ina jiran wanda zai ɓullo ta ƙofa. Suka ɗaya. Ya karɓi 1500 na kisan wuƙa, ya ɗauke AWP ɗina, zagaye na gaba da ita ya harbe ni a ka.

Kuma na ga faɗuwata tas, sumul, ba ko gargada.

Da na koma Discord babu mai iya magana don dariya. Wanda ya fi ba ni haushi Injiniya. Kai da ka soka kebul a ramin da ba nasa ba, kai ne mai cewa "Oga to yau kuma mene ne, firem ɗin ne ya yi yawa?" Mutumin da ya taɓa rantse min cewa idon ɗan Adam ba ya ganin sama da 30, yanzu shi ne ya sauke bidiyon wasan yana maimaita wurin wuƙar a hankali, har ya sa masa kiɗa. Kuma shimfiɗar maus ɗina babbar nan da ya ara wai zai gwada, har yau tana wajensa, in na tambaya ya ce ai yana sane.

Ƙaramin ya turo min saƙo wai "Yaya ka yi haƙuri, in kana so in turo maka setin ɗina." Ban ba shi amsa ba tukuna. Netwok ɗin ma ranar da ɗan nauyi dai.