Kabon Ɗin Dazuzzukanmu: Lissafin da Ya Tsallake Gawo da Ɗorawa Bai Cika Ba

Jama'a, kwanan nan kowa maganar kasuwar kabon yake yi, wato inda ake biyan kuɗi saboda kabon ɗin da itatuwa ke zuƙa daga iska su riƙe, ana cewa itatuwanmu za su kawo kuɗin waje. Madalla. Amma mai saye ba ya biyan kuɗi sai ya ga mudu, kuma mudun da muke auna kabon da shi a wannan yanki yana da ɓula. Abin da ya fi damuna shi ne ɓular ta fi girma ta ɓangaren Arewa.

Ga yadda ake samun adadin da ƙasa ke kaiwa Majalisar Ɗinkin Duniya. Lamba biyu ake ninkawa: yawan hektocin daji, da yawan kabon da ke cikin hekta ɗaya. Ta farko daga hoton tauraron ɗan adam take fitowa. Ta biyu sai mutum ya taka da ƙafarsa ya shiga daji da tef. A yanke fili, a bi kowace bishiya a ciki, a auna kaurin gindinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a auna tsawonta, a rubuta irinta. Sai a zuba waɗannan cikin wani lissafi da ke ba da nauyin bishiyar idan ta bushe ƙarau. Wanda aka fi amfani da shi a ƙasashe masu zafi shi ne na Jérôme Chave da abokan aikinsa na 2014, wanda suka gina daga bishiyoyi 4,004 da aka sare aka ɗora a sikeli.

Ɗauki bishiya mai kaurin santimita 30, tsawon mita 12, mai ice mai nauyin giram 0.7 a kowane ƙaramin kubu na santimita ɗaya. Lissafin zai ba ka kusan kilo 410 na busasshen ice. Ka ninka da 0.47, wato kason kabon da ƙa'idojin 2006 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka bayar, ka samu kilo 193. Ka sake ninkawa da 3.67, lambar da ke mayar da nauyin kabon zuwa na iskarsa, ka samu kimanin kilo 700 na iskar kabon dayoksaid da bishiyar ta riƙe. Wannan na saman ƙasa ne kawai. Saiwa, mataccen ice, busasshen ganye da kabon ɗin cikin turɓaya kowanne da nasa awon.

To a ina ake tuntuɓe? Kaurin gindi ninka shi ake yi da kansa, don haka in tef ya karkace ko ya hau kan ƙulli aka rubuta 33 maimakon 30, nauyin ya haura da kusan kashi 20 cikin 100. Haka in aka ba kowace bishiya nauyin ice iri ɗaya. Kirya da marke ice ne mai nauyi, shi ya sa masu gawayi ke bin su. Kuka kuwa cikinta taushi da ruwa ne, icenta bai kai rabin nauyin na marke ba, ga shi tsohuwar kuka sau da yawa kogo ce. Ka saka ƙatuwar kuka ɗaya cikin lissafi da matsakaicin nauyi, ta kumbura maka adadin fili gaba ɗaya. Sannan ga gawon da makiyaya ke sassare wa rassa duk rani: gindi na babbar bishiya, kai na ƙarama. Lissafin da aka gina da bishiyoyi masu cikakken kai zai ba shi nauyin da ba shi da shi. Sabara da kalgo kuma daga ƙasa suke rarrabuwa, dole a auna kowane reshe, in ba haka ba an yi asarar su.

Babbar matsalar dai tana wajen ma'anar kalmar daji. A takardun da Najeriya ta miƙa ƙarƙashin REDD+, shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na biyan ƙasashe don su rage sare daji, na Kuros Riba a 2018 da na ƙasa baki ɗaya a 2019, daji shi ne fili da ya kai rabin hekta, bishiyoyinsa su kai mita 3, inuwarsu ta rufe kashi 15 cikin 100. Wannan ya fi dacewa da mu kan mita 5 na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na yarda. Amma gonar gero mai gawo goma, ɗorawa uku da kaɗanya biyu fa? Gona ce a rajista, ba daji ba. Hoton tauraron Landsat kuma kowane ɗigonsa mita 30 ne tsawo da faɗi, bishiya guda a tsakiyar gona narkewa take yi a cikinsa. In an ɗauki hoton da damina, ciyawa da dawa su yi kore kamar kurmi, gawo kuwa a lokacin ya kaɗe ganyensa. In an ɗauka da rani, gawo ya fito, wasu kuma sun zama tsirara. Wanda bai san halin itatuwan nan ba zai karanta hoton a baibai.

Kada a ce abin kaɗan ne. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2020 ya ƙirga bishiyoyi sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, inda taswirori da yawa ke nuna kusan babu komai. Wani na 2023 ya ƙirga biliyan 9.9 a busassun yankunan Afirka da ke arewa da tsakiyar duniya, ɗauke da tan miliyan 840 na kabon. A Maradi da Damagaram manoma sun raya tohon itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5. Guminsu ne, kuma lissafin da ya tsaya ga daji kaɗai ba zai gan shi ba.

Wasu na cewa sabbin na'urori sun raba gardama. Gaskiya na'urar GEDI, da aka kai tashar sararin samaniya a ƙarshen 2018, tana harba haske ta auna tsayin bishiyoyi, kuma Turai ta harba tauraron Biomass a watan Afrilun 2025. Sai dai dukansu da awon ƙasa ake daidaita su. Idan filayen da aka daidaita su da su na kurmi ne, amsar da za su ba ka kan Falgore ko Yankari aro ce.

Saboda haka ni a ganina kuɗin farko filayen awo na dindindin ya kamata ya tafi. A baza su bisa tsari a kan taswira, ba inda mota ke iya zuwa ba, don bakin hanya ya riga ya sha gatari. A binne ƙarfe a tsakiya, a ɗauki GPS da kyau, domin kuskuren mita 20 zai sa a haɗa awon wannan fili da hoton na maƙwabcinsa. Alamar kada ta yi ƙwalisa, in mutane suka gane filin gwamnati ne za su daina taɓa shi, ya daina wakiltar sauran daji. A sauko da mafi ƙanƙantar kaurin da ake aunawa zuwa santimita 5 a Sahel. A ɗebi ƙasa zuwa zurfin santimita 30 da zoben ƙarfe, a busar, a cire tsakuwa kafin lissafi. Wata tawaga daban ta sake auna fili ɗaya cikin goma ba tare da ganin takardar ta farko ba. A dawo duk shekara biyar, domin saran itacen girki da gawayi a hankali yake cin daji, hoton sama ba ya kama shi sai an yi nisa.

Cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan da jami'o'inmu na Arewa su sare samfurin gawo, ɗorawa, marke da aduwa, manya da ƙanana, su auna, su fitar mana da lissafin kanmu. Inda rashin tsaro ya hana shiga, kamar Rugu da Kamuku da Sambisa, a faɗa a rahoto ƙarara cewa ƙiyasi ne, a rubuta girman kuskuren da ke iya kasancewa kusa da kowace lamba. Masu biyan kuɗin kabon suna zaftare wani kaso gwargwadon wannan shakkar, kuma kowane sabon fili da aka auna da kyau yana rage abin da za su zaftare.